Keziah da Ikkilisiyar Tsakar Gida

A Rikoto, wata unguwa a Zuru, idan ka bi ta bayan injin niƙa ka gangara wajen rafi, akwai wani gida mai ɗaki uku, biyu da rufin kwano, na ukun kuwa tun da gininsa ya kai kan taga ba a ƙara ɗora masa bulo ba. Gidan wani soja ne da ya tafi Borno bai dawo da ransa ba. Ƙanwarsa ce a ciki yanzu, Keziah, wadda mutanen unguwa ke kira Maman Prosper, baƙin da ke zaune tare da ita kuma suna ce mata Matar Malam. Shekarunta hamsin da biyu. Gajeriya ce mai kaurin damtse, irin ta wadda ta girma da fartanya a hannu, kuma ba ta da yawan magana.

A gindin duwatsun Zuru aka haife ta, gidan manoma. Tana budurwa wani saurayi mai suna Mika ya fara golmo a gonar mahaifinta, wato noman da saurayi yake yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Damina bakwai aka yanka masa. A ta biyar ya karɓi Almasihu a wani taron wa'azi, abokansa suka ce to ai ya huta, tunda 'yan coci ba ruwansu da golmo. Mika ya ce ya riga ya yi wa tsoho alkawari, ya ƙarasa damina biyun da suka rage. Keziah takan ce ba wa'azinsa ne ya jawo ta cikin bangaskiya ba, wannan damina biyun ce.

Bayan aure Mika ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, ya kuma yi wata shida a ɗakin shan magani na mishan, inda ya koyi wanke ciwo da ɗinki da yin allura. Daga nan aka mai da shi mai bishara, aka riƙa tura su ƙauyukan da ba su da majami'a. Sukan isa da tabarma da tukunya da akwatin magani, a ba su bukkar da ba mai so. Mika ya zauna gindin itace yana duba masu ƙurji da saran maciji, Keziah kuma ta bi mata rijiya da wurin sussuka, ta zauna da masu naƙuda, sai ka ga an saba. A hankali gida biyu su zama biyar, a tashi rumfar kara, rumfa ta zama ginin laka. Ranar da aka ɗora wa ginin kwano, Keziah ta san ta fara ɗaure kayanta, domin sai a turo fasto a ce su gusa gaba. Sau biyu aka yi musu haka. A ƙauyen farko ta bar mangwaro da ta dasa bai fara 'ya'ya ba, a na biyu ta bar kabarin ɗanta na tsakiya. Biyu suka rayu, Prosper da ya shiga soja kamar kawunsa, da auta Leah.

Wuri na uku Tungar Kanya ne, a ƙasar Sakaba. A can Mika ya gina abin da ya kira rumbun ikkilisiya. Da kaka kowa ya kawo dami ɗaya na dawa, idan watan takwas ya shigo rumbunan gida sun ƙare, sai a buɗe wannan. Ba a tambayar mutum addininsa. Mai salla ya ɗiba, mai bin tsafin kakanni ya ɗiba. Keziah ce ke riƙe da kwanon awo, ta san gidan da ake kwana ba a hura wuta ba tun kafin matar gidan ta buɗe baki.

Wata ranar Alhamis a daminar 2021, Mika ya ɗauki wani tsoho a babur ya kai shi asibiti a Dirin Daji. A kan hanyarsa ta dawowa 'yan bindiga suka tare hanya, suka tafi da shi tare da mutum huɗu. An tsinci babur ɗin a cikin dawa, akwatin maganin babu.

Keziah ta zauna da waya a hannu tana jira, domin kowa ya san yadda abin yake, kwana biyu ko uku sai su kira. An kira iyalan sauran huɗun. Ita ba a kira ta ba. Bayan wata uku aka sako mutanen, ta je wurin ɗaya daga cikinsu, Abel, wani manomi ɗan ikkilisiyarsu. Ta same shi kwance a rame, ƙafafu duk sun kumbura.

"Abel, ina Malam?"

 Ya ce, "Mama, a sati na uku aka kawo wani nasu da harbi a cinya, ciwon har ya fara wari. Malam ya ce a ba shi ruwan zafi da gishiri. Kullum sai ya wanke ya ɗaure, har mutumin ya taka. Sai babbansu ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Washegari suka ɗora shi a babur, ban ƙara ganinsa ba."

"Da ƙafarsa ya hau?"

"Da ƙafarsa."

"Ya ce a gaya mini wani abu?"

"Ba su bar mu mun yi sallama ba."

Kafin a yanke dawa, 'yan bindigar suka shigo Tungar Kanya kanta. Suka kwashe shanu, suka fasa rumbuna har da na ikkilisiya, suka ce duk wanda suka tarar in sun dawo ya kuka da kansa. Gari ya watse. Keziah da Leah suka taho Zuru, suka buɗe gidan marigayi yayanta. Ba a yi mako ba mutanen Tungar Kanya suka fara sallama a ƙofar gidan, ɗauke da ƙullin kaya da yara, domin duk faɗin Zuru ita kaɗai suka sani. Ta buɗe musu ɗaki na biyu, aka rufa na ukun da leda da zana, wasu suka kafa bukka a jikin katanga. Gida goma sha ɗaya ne suka taru a wurin da aka gina don mutum shida.

Lahadi ta farko ta kwashe su zuwa babbar majami'a a cikin gari. An marabce su, har an sa sun tashi tsaye an tafa musu. Amma rabin sujadar da Turanci aka yi, matan gari sun sha anko, su kuwa wasunsu ko takalmi babu. Suka takure a bencin baya. Da suka dawo gida, Baba Kefas, dattijon da ya fara ba Mika filin rumfa a ƙauye, ya ce shi dai bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ce, "Matar Malam, ke kin iya karatu. Ki karanta mana ko aya biyu ce, mu yi waƙarmu mu tashi."

Ta ce ita ba mai bishara ba ce. Ya ce ai bai ce ta yi wa'azi ba. Da la'asar ta ɗauko Littafi Mai Tsarki na mijinta, ta zauna a kan turmi ta karanta, ta fassara wa tsofaffi da yarensu, mata suka kaɗa tulu aka yi waƙa. Lahadi ta gaba 'yan gudun hijira daga wasu ƙauyuka suka ji labari suka zo. Cikin wata shida tsakar gidan ya daina ɗaukar mutane, wasu sai su tsaya a waje suna leƙe ta kan katanga. Kowace sujada Baba Kefas ne ke rufewa, kuma addu'arsa ɗaya ce, Ubangiji ya buɗe hanya Malam ya dawo ga tumakinsa.

Cin abinci shi ne babban aiki. Maza suna fita ƙwadago a gonakin mutane, mata su je surfe ko ɗibar yashi a rafi. Keziah kuma ta zama mai yawon roƙo, abin da ba ta taɓa yi wa kanta ba. Ta bi majami'u, ta bi 'yan kasuwar hatsi, Kirista da Musulmi, ranar kasuwa ta tsaya har a watse ta share abin da ya zube a rumfuna ta sheƙe. Abin da ta samu sai a dafa a tukunya ɗaya, yara su fara ci.

A shekara ta biyu wata ƙungiyar agaji ta aiko da hatsi da barguna ta hannun babbar majami'a, aka ce na gwauraye da marayu ne, kuma za a riƙa kawowa duk wata. Theresa, shugabar zumuntar mata, ta zo da kanta. Mace ce mai kirki, ita ma sojan da ta aura ya rasu tun tana da ƙuruciya. Ta ja Keziah gefe suka zauna a inuwar katanga.

"Maman Prosper, na sa sunan matan nan naki huɗu da mazansu suka mutu. Saura ke."

"Ni ba gwauruwa ba ce."

"Na sani, 'yar'uwa. Amma shekara guda da rabi ke nan. Rabaran, babban fastonmu, ya ce in kin yarda a yi masa sujadar tunawa, a kira dangi, a yi addu'a, a rufe maganar. Daga nan ikkilisiya ta ɗauki nauyinki yadda ya kamata. Dube ki, kin ƙare."

Keziah ta ce, "In aka yi sujadar, wa zai tashi ya ce ya ga gawarsa?"

"Ba sai an gani ba. Ni ma akwati aka kawo mini a rufe, aka ce kada in buɗe."

"Ke an kawo miki akwati. Ni da ƙafarsa ya hau babur. Shugaba, idan na tsaya gaban bagade na ce ya mutu alhali yana can yana numfashi, da wane baki zan karanta wa mutanen nan Littafi ranar Lahadi?"

Theresa ta share hawaye ta tafi. Daga baya takan aiko da mudu biyu daga rabonta, ta ce kada a gaya wa kowa.

Prosper ya zo hutu da Kirsimeti. Ya tarar da uwarsa tana kwana a tabarma tare da mata bakwai, ya fita waje ya daɗe yana tsaye. Da ya dawo ya durƙusa gabanta ya ce an ba shi ɗaki biyu a bariki a Kaduna, akwai ruwa akwai wuta, matarsa tana da ciki, ta shirya su tafi tare da Leah.

"Mama, na shiga dajin nan da kaina. Na san abin da ke ciki. Mutum ba ya shekara biyu a hannunsu."

"Babanka ba kamar sauran ba ne, suna bukatarsa."

"To ko yana raye, waya ce zai kira, kuma waya tana aiki a Kaduna."

"In ya kuɓuce ba waya a hannunsa fa? Ƙauye ba kowa. Nan ne kaɗai zai nufa." Ta nuna bukkokin da ke jikin katanga. "Su kuma in ce musu me? Gidan kawunka ne, don ina ciki dangi suka ƙyale su. Ranar da na fita za a sa kwaɗo."

Ya koma shi kaɗai. Da aka haifi jikarta, a hoton waya ta gan ta.

Rabaran ma ya zo ya ga taron da idonsa. Ya ce wannan ai ikkilisiya ce ta tsaya da ƙafarta, ya yaba ƙwarai. Amma gunduma ba ta da ma'aikacin da za ta turo, kuma a takarda har yanzu Mika ne mai bisharar mutanen Tungar Kanya, ba za a naɗa wani a gurbinsa ba sai an tabbatar gurbin ya zama babu kowa. Ya ce ta ci gaba da karatu da addu'a, amma baftisma da jibin Ubangiji da ɗaurin aure sai a jira shi, zai riƙa zuwa duk wata uku. Keziah ta ce to. Ta lura duk wanda ya zo da taimako, ƙofa ɗaya yake nuna mata, ta faɗi da bakinta cewa mijinta ya mutu.

A shekara ta uku labari ya zo cewa an sako wata mata daga wani ƙauye kusa da Sakaba, tana cewa ta ga wani da 'yan bindiga ke kira Likita. Keziah ta shiga motar kasuwa tun da safe ta je ta same ta a gidan danginta. Matar ta ce e, akwai shi, ba a ɗaure yake ba, ba ya kuma riƙe bindiga, kansa duk furfura. Shi ya cire mata ƙaya a ƙafa. Yana aiki yana wata waƙa ƙasa-ƙasa. Keziah ta rera mata wadda Mika ya fi so, matar ta ce kamar ita ce, amma ba za ta rantse ba.

"Gajere ne, mai wushirya?"

"Ni dai a zaune na gan shi. Kamar dogo ne."

"Ya faɗi sunansa? Ya ambaci Zuru, ko mata, ko 'ya'ya?"

"Bai ce komai ba, Mama. Kafin a sake mu ma sun ƙetara da shi wani daji."

Ta dawo Rikoto da yamma, mutane suka kewaye ta. Ta gaya musu abin da ta ji ba ƙari ba ragi. Kafin ta rufe baki mata sun ɗauki guɗa, Baba Kefas ya ɗaga hannu sama yana cewa Malam na raye. Ita kuwa ta shiga ɗaki ta zauna. Abin da ta ji a ranta ya ba ta tsoro. A mota, tun tana hanyar zuwa, ta kama kanta tana fatan matar ta ce ta ga inda aka binne shi. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi azumin kwana uku tana neman gafara, amma tunanin bai tafi ba. Wani lokaci tana cikin karanta wa jama'a Zabura sai ta ji kamar ta rufe Littafin ta tambayi Allah a gaban kowa, in ya ɗauke shi me ya hana a gaya mata, in kuma ya bar shi me ya hana a sako shi. Sai ta haɗiye ta ci gaba da ayar.

Leah ce ta fi shan wahalar jiran. Wani malamin firamare a Zuru ya nemi aurenta tun kafin a sace mahaifinta, kuma Mika ya amsa masa, ya ce shi da kansa zai riƙe hannunta ya kai ta gaban bagade. Shekara uku Keziah tana cewa a dakata. Leah ba ta taɓa musu ba, tana ta dakan hatsin gida goma sha ɗaya, ƙawayenta suna goyon na biyu. Wata rana suna wanki a rafi ta ce, "Mama, iyayensa sun ce ya nemi wata. Ya ce musu a ba shi zuwa kaka." Ta ci gaba da dirza. Keziah ta dubi hannuwan 'yarta, duk sun yi kanta kamar nata. Ta ce a sa rana.

An ɗaura auren a babbar majami'a bayan an yanke dawa. Ƙanen Mika ne ya kai amarya. A wurin liyafa, mai gabatarwa, wani baƙo daga dangin ango da bai san labarin ba sosai, ya ɗauki lasifika ya ce a tashi tsaye a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da mahaifin amarya, marigayi Malam Mika. Wuri ya yi tsit. Mutanen Tungar Kanya duk suka juyo suna kallon Keziah, domin sun san ko a kasuwa wani ya yi wannan kuskuren sai ta gyara masa. Theresa ta riƙe mata hannu.

Keziah ta miƙe tare da kowa. Ba ta gyara masa ba. A cikin wannan minti ɗaya ta ji kafaɗunta sun sauka, numfashinta ya kai har ciki, abin da ta manta rabonta da shi. Hawayen da ba ta yi ba tun ranar da aka tsinci babur suka zubo, ta bar su. Da mai gabatarwa ya ce a zauna, aka saki kiɗa, Rabaran ya matso ya raɗa masa magana a kunne. Mutumin ya ruɗe, ya koma lasifika yana ba da haƙuri, ya ce kuskure ne, Malam Mika yana raye da ikon Allah, ana sa ran dawowarsa. Jama'a suka ce amin da ƙarfi. Keziah ma ta ce amin.

Washegari Theresa ta zo taya ta wanke tukwanen biki. Suna cikin aiki ta ce, a hankali, "Jiya na ga kin tashi. Ko in yi wa Rabaran magana?"

Keziah ta daɗe tana kankare ƙanzo. Ta ce, "Na ji daɗin minti ɗayan nan, Shugaba, ba zan ɓoye miki ba. Amma jin daɗina ba shaida ba ne. Bari dai."

Yau shekara huɗu ke nan da 'yan watanni. Baba Kefas ya rasu a daminar bara, an binne shi a Zuru, nesa da gonarsa. Gida uku sun gwada komawa Tungar Kanya, biyu sun dawo kafin shuka ta tsiro. Majami'ar tsakar gida ta kai mutum tamanin, an kafa mata rumfar kwano da wani tsohon soja ya bayar, Rabaran ya yi wa sha huɗu baftisma a rafi. Keziah tana nan tana bin kasuwa da buhunta, gwiwarta ta fara ciwo, idonta kuma ba ya ganin ƙananan baƙaƙe sai ta nesanta Littafin. Prosper yakan kira duk ƙarshen mako ya ce ɗakin yana nan. Takan ce masa ta ji, ya gaida mutanen gida, sai an kwana biyu.